Ranar da Oemie Ta Janye Maganarta

Tietie Galiema yayar mahaifina ce, Tietie kuwa haka muke kiran babbar yaya mace. A gidanta na tashi a unguwar Lentegeur, kuma abin da zan rubuta nan wani na gani da idona, wani ita ta ba ni labari bayan ta yi ritaya, wani kuma daga bakin kakarmu Rugaya na ji shi, wadda kowa a layinmu yake kira Oemie, wato uwa, har da waɗanda suka kusa sa'anninta.

An haifi Galiema a unguwar District Six, cikin birni, a saman shagon ɗinkin mahaifinta. Tana da shekara goma sha shida motocin rusau na gwamnatin wariyar launin fata suka iso layinsu. Aka loda su da keken ɗinki da tukwane a bayan babbar mota, aka sauke su a Lentegeur, a wani gida mai ɗaki biyu a tsakiyar rairayi, inda iska ke cusa yashi ta ƙarƙashin ƙofa har cikin kwanon abinci. Mahaifin bai shekara a can ba ya rasu. Ya bar Oemie da 'ya'ya biyar, Galiema ce babba.

Abin da ya riƙe su a waɗannan shekaru shi ne kanala. In mutum ya zo ƙofarka ya ce kanala, to ya roƙe ka ne don zumunci, kai kuma sai ka tashi. Ba a biya, ba a ƙirgawa, ba a cewa a'a. Maƙwabcinsu Ganief, saurayi ne magini a lokacin, shi ya tara abokansa bakwai, kowace Asabar suka riƙa zuwa har wata huɗu, suka ƙara wa gidan ɗaki da kicin. Oemie ta riƙa dafa musu shinkafa da wake tana musu faɗa kan sun karkata mata taga. Daga baya duk wani biki ko suna ko rasuwa a gidan Ganief, Oemie da 'ya'yanta mata ne a bakin murhu tun asuba. Haka gidajen biyu suka zauna kusan shekara arba'in.

Galiema ba ta yi aure ba. Ta koyi buga tafireta, ta yi aiki a ofishin wani lauya har ƙannenta suka gama makaranta. Da mulki ya canja, ta samu shiga majalisar dokoki a matsayin mai buga takardu. A hankali, saboda ba ta ɓatar da takarda kuma ba ta yawan magana, aka mayar da ita sakatariyar kwamitin da ke sa ido kan makaman da ƙasa ke sayarwa waje. Kwamitin ba shi ke ba da izinin sayarwa ba. Amma yana iya kiran minista ya zo ya yi bayani, kuma idan ya kira, ba mai son a ga kaya sun bar tashar ruwa kafin a ba da amsa.

Aikinta ba mai ɗaukar ido ba ne. Kullum jirgin ƙasa na ƙarfe shida da kwata, farin mayafi, jaka baƙa. Duk takardar da ta shigo sai ta buga mata hatimin kwanan wata, ta rubuta lokaci da biro a gefe. Idan za a yi zama, ita ke jera abubuwan da za a tattauna, kuma tsarinta ɗaya ne tun ranar farko: wadda ta riga shigowa ita ce a sama. Shugabannin kwamiti huɗu ta yi aiki da su, dukansu sa hannu kawai suke yi ba tare da sun duba ba. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai barkwanci, yakan kira ta da sunan gidansu ya ce, "Mis Jattiem, ko mutuwata ce ta zo da takarda, na san sai kin sa ta bi layi."

Akwai abin da duk ma'aikatan wurin suka sani. A zaman ƙarshe kafin hutun Disamba, ba a wuce abu na biyar. Da ƙarfe ɗaya ta yi, 'yan majalisa sun fara duba agogo, direbobi na jira a ƙasa don kai su filin jirgi. Abin da ya rage sai Fabrairu.

A shekarar da nake magana, ranar wata Talata a ƙarshen Nuwamba, wani rahoto ya iso teburinta. Wani kamfani a bayan gari yana ƙera jirage marasa matuƙa, ya sayar wa wata ƙasa da ake ƙawance da ita kashi na farko, kashi na biyu kuma zai tashi a jirgin ruwa cikin Janairu. Rahoton ya ce masu binciken da aka tura su ga inda aka ajiye kashin farko an hana su shiga. An kuma haɗo hotuna daga wani ƙauye a ƙasa ta uku, wadda ba ta cikin yarjejeniyar, inda aka tsinci tarkacen jirgi mai lamba irin ta kamfanin. Galiema ta buga hatimi. Takardu biyu ne kawai suka riga shi. Shi ne na uku.

Ranar Lahadi da hantsi Boeta Ganief, kamar yadda muke kiransa don girmamawa, wato babban yaya, ya shigo da kwano lulluɓe da tsumma, cike da koesister, soyayyen fulawa da ake barbaɗa wa kwakwa. Ya tsufa a lokacin, gwiwoyi sun ƙi, amma baki na nan.

"Oemie, ga koesister daga hannun Faldela. Ta ce a gaya miki da zafinsu, kada ki ce ta aiko miki da duwatsu kamar wancan makon."

"Duwatsu ne mana," in ji Oemie. "Shekara nawa ina koya wa matarka, har yau tsoron kwakwa take ji. Zauna kafin ka faɗi a kaina. Liema, kawo wa wannan tsohon shayi."

"Ni ne tsoho? Ke da kika ga saukar jirgin Annabi Nuhu?"

"Na gani, kuma da kai aka ba aikin da ya nutse. Dubi tagar da ka sa min."

Suka yi dariya. Galiema ta kawo shayi ta zauna a gefe. Ganief ya sha kurɓi biyu, ya ajiye kofin, ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa. Daga nan ta san ba hira ce ta kawo shi ba.

Ɗansa Riedewaan injiniya ne a kamfanin, kowa ya san haka, don shi ne yaron farko a layin da ya gama jami'a. An aika wa kamfanin kwafin rahoton don su shirya amsa, manyan wurin kuma sun ji cewa sakatariyar kwamitin maƙwabciyar Riedewaan ce.

"Ban ce ki yaga komai ba, Liema," in ji Ganief. "Ban ce ki ɓoye ba, Allah ya kiyaye. Takardar tana nan, za su karanta abinsu a Fabrairu. Ki dai sauko da ita ƙasa kaɗan. Na takwas, na tara. Yaron nan ya ce in kayan ba su tashi ba za a rufe sashensu, mutum sittin. Matarsa ga ciki, ga 'yan biyu a makaranta. Kwana uku ba ya cin abinci." Ya juya hular a hannunsa. "Ban taɓa roƙonki komai ba. Kanala."

Galiema ta buɗe baki, amma Oemie ta riga ta. A gidanmu idan an roƙi gida, babba ne ke amsawa.

"Don wannan ne ka cire hula? Mayar da ita, sanƙonka na kashe min ido. An gama, Ganief. Je ka ce wa yaron ya ci abinci."

Ya kama hannun Oemie ya sumbata, idonsa ya kawo ruwa. Da ya fita, Oemie ta ɗauki koesister ɗaya ta gatsa, ta ce yau kam Faldela ta yi ƙoƙari. Galiema ta kwashe kofuna ta shige kicin, ta daɗe tana wanke abin da bai kai a daɗe ba.

Ranar Litinin ta buga jerin, ta sa rahoton na tara. Ta ce min aikin ya zo mata da sauƙi, abin da ya fi ba ta tsoro ke nan. Ba wanda zai lura. Shugaban zai sa hannu yana waya. In ma wani ya tambaya a Fabrairu, sai a ce yawan aiki ne. Ta fitar da takardar daga na'ura ta ajiye a gabanta, ta kai hannu za ta mayar da rahoton cikin fayil, sai hotunan suka zame.

Ta riga ta gan su ranar Talata, amma kallon aiki ta yi musu. Yanzu ta tsaya a kan ɗaya. Famfon tuƙa-tuƙa ne a fili, gefensa ƙasa ta ƙone ta yi baƙi. Ga jarkoki rawaya a jere, sun kai ashirin, kowace da igiya ko tsumma a hannunta don mai ita ta gane tata. Ba mutum ko ɗaya a hoton. Ba ta san ko jirgin kamfanin ne ya yi wannan ba. Rahoton ma bai ce ya tabbata ba. Amma ta san mutanen da aka zaɓa don su yi wannan tambaya goma sha uku ne, kuma ranar Alhamis za su yi zaman ƙarshe kafin hutu, kuma ita ce ke shirin hana su gani sai bayan kaya sun yi nisa a teku.

Ta tuna cewa su ma, kafin motocin rusau su zo, wata takarda ce ta bi ta teburin wani, ya jera ta inda aka ce ya jera, ya tafi cin abincin rana.

Ta yaga jerin. Ta buga sabo, rahoton a na uku, amma ba ta kai wa shugaban ba. Ta sa shi a aljihun tebur ta kulle, don ba za ta miƙa shi ba alhali maganar uwarta na tsaye a gidan mutane.

Bayan la'asar ta sami Oemie a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta durƙusa kusa da ita ta faɗa mata.

Oemie ba ta ɗago ba. "Na riga na ce an gama."

"Na sani, Oemie."

"To me kike so in yi da saninki? Ɗakin da kike kwana wa ya gina shi? Ranar da ubanki ya faɗi, wa ya ɗauke shi a kafaɗa har bakin titi, lokacin ko motar asibiti ba ta shigowa nan? Tun da aka zubar da mu a wannan yashi ba wanda ya ce min kanala na ce masa a'a. Sai yau, da tsufana, a kan layi ɗaya a takarda?"

"Da tukunyata ya roƙa, ko hannuna, ko ɗakin nan ma, wallahi da na ba shi. Abin mutum ake bayarwa a kanala, Oemie. Wannan jerin ba nawa ba ne. Amana ce aka ba ni in riƙe."

"Amanar wa? Waɗanda ke gudu filin jirgi? Su za su wanke ni in na mutu?"

Galiema ta ciro kwafin hoton daga jaka, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara ashirin, fitar da takardar aiki zuwa gida. Ta ajiye a kan faifan shinkafar. Oemie ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi, ta daɗe tana kallo.

"Ina matan?"

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani. Abin da za a tambaya ke nan."

Oemie ta miƙa mata hoton, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Washegari da safe Galiema ta fito da shirin aiki ta tarar da ita zaune a bakin gado, ta sa baƙar doguwar rigarta ta zuwa ta'aziyya, sanda a hannu.

"Oemie, ni zan je. Ni na jawo."

"Ke kika yi alkawarin? Bakin da ya bayar shi zai karɓo."

"To bari in kira shi ya zo."

"A kira mutum gida a kunyata shi? Ashe karatun naki bai kai nan ba. Kama ni."

Gida shida ne tsakani, amma Oemie ta fi shekara ba ta taka zuwa can ba. Sau uku suna tsayawa tana jingina da katangar mutane. Mata masu shara suka riƙa gaishe ta suna bin su da ido, don duk wanda ya ga wannan rigar da sassafe ya san ba lafiya ba.

Ganief na zaune a baranda da rediyo. Ya miƙe da sauri. "Oemie! Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Zauna." Ita ba ta zauna ba, ko da Faldela ta fito da kujera. "Ganief, ranar Lahadi na ba ka abin da ba nawa ba, ba kuma na 'yata ba. Na zo in karɓa. Ka yafe min."

Ya dubi Galiema, ya dubi tsohuwar. "Ita ta sa ki?"

"Ba mai sa ni. Ka san ni."

"Na riga na gaya wa yaron, Oemie. Ya gaya wa manyansa. Jiya ya ci abinci har ya ƙara. Mutanen da ba ku taɓa gani ba, a ƙasar da ba ku san sunan garuruwanta ba, su kuka zaɓa a kan Riedewaan? Yaron da aka yanke wa cibiya a hannunki?"

"Boeta," in ji Galiema, "in kamfanin na da gaskiya, za su faɗa ranar..."

"Ba da ke nake ba, 'yar gwamnati."

Oemie ta ce, "Duk abin da ke cikin gidana naka ne, yau da gobe. Wannan ne kawai babu."

Ganief ya kashe rediyon, ya shige ciki. Faldela ta tsaya riƙe da kujerar, hawaye na zuba. A hanyar komawa Oemie ba ta tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Sai da suka shiga gida ta ce, "Je ki, za ki rasa jirgi."

Ranar Alhamis aka kai ga abu na uku da ƙarfe goma sha ɗaya saura. Aka rufe ƙofa, aka yi awa biyu a kansa. Kwamitin ya nemi minista ya zo, ya kuma roƙi a dakatar da kayan har masu bincike su shiga. Galiema ta rubuta abin da aka ce, kamar kullum. Ba wanda ya san akwai wani jeri da aka yaga.

Binciken ya ja wata da watanni. Ƙasar can ta gaji da jira, ta soke cinikin, ta sayi jiragenta a wani wuri. Har yau ba a fito an ce ga wanda ya yi abin da ke cikin hoton ba. Kamfanin ya rufe sashen a watan Mayu. Riedewaan ya yi wata takwas a gida, daga baya ya samu aiki a ƙasashen Larabawa, yana zuwa sau ɗaya a shekara. 'Yarsa ta ƙarshe ta fara tafiya ba ya nan.

A layi kuwa ba wanda ya zage ta. Ana gaisawa. Amma wata rana a layin biredi wata mata ta ce da ƙarfi, kamar da wata take, "Jiragen dai an saya, ƙauyen dai ba a tashe shi ba, yaron mutane ne kawai ya tafi." Galiema ta karɓi biredinta ta fito. Kuma daga wannan shekarar ba wanda ya sake tsayawa a ƙofarmu ya ce kanala. Aka yi bikin jikar Ganief, muna ji ana wucewa da manyan tukwane ta gaban gidanmu zuwa wani gida. Oemie ta sa aka rufe taga, ta ce iska ta yi yawa.

Bayan shekara biyu Oemie ta rasu, ranar wata Laraba da hantsi, azahar za a kai ta. Mahaifina da ƙannensa suka ruɗe, don katakan da ake jerawa a kabari, tun da aka zo Lentegeur, Ganief ne ke yanka su ga duk mamacin layin, kuma ba wanda ya iya zuwa ya tambaye shi. Ana cikin shawarar a je a saya, sai ga shi ya shawo kwana, yana tura baro da kansa, yana ɗingishi. Katako bakwai, an goge su sumul, har ya kashe musu kaifin baki. Ya sauke su a bakin ƙofa ɗaya bayan ɗaya, ya ƙi a taimaka masa.

Galiema ta fito daga cikin mata, ta tsaya a gabansa. Rabon da su haɗa ido tun safiyar da Oemie ta je gidansa.

"Boeta, Allah ya saka da alheri."

Ya goge hannunsa a wando. "Ba don ke na yi ba."

"Na sani."

Ya juya ya shiga sahun maza. Shi ne ya sauka cikin kabarin tare da mahaifina, da waɗannan gwiwoyin nasa, sai da mutum biyu suka jawo shi ya fito. Bai shigo cin abincin sadaka ba.

Tietie Galiema ta yi ritaya shekara uku bayan haka. Tana nan a gidan, tana koya wa 'yan matan layi ɗinki a keken mahaifinta, waɗanda iyayensu suka bari su zo. Na taɓa tambayarta ko da za a maimaita za ta canja. Ta ce takardar dai ta uku ce, ko sau nawa aka maimaita. Abin da take so a ce ta yi daban shi ne ta yi magana tun ranar Lahadin, a gaban shayin, kafin Oemie ta amsa, ko da za a ce ba ta da kunya. Da tsohuwar ba ta yi wannan tafiyar ba.

Boeta Ganief yana raye, ya daina fita sai masallaci. Idan ya wuce ta ƙofarmu ranar Juma'a tana gaishe shi, shi kuma yana amsa sallamar, don wajibi ce, ba ya ƙara komai a kai.